Mayun Sauti da Rediyon da Ake Shirin Binnewa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wasu mutane da za a iya kira mayun sauti. Ba su yarda kiɗa ya shiga kunnensu sai ta na'urori masu tsada: amfilifaya daban, lasifika daban, ga kuma wani akwati na musamman wanda ba shi da aiki sai kamo tashar FM. A cikinsu akwai mai farautar Marantz 10B na shekarun 1960 ko McIntosh MR78 na shekarun 1970, ya biya maƙudan kuɗi, sannan ya hau rufin gida ya kafa eriya mai fuskantar tashar da yake so. Jama'a na yi musu dariya, wai a zamanin da waya ke ɗauke da miliyoyin waƙoƙi, me zai sa mutum ya zauna jiran abin da wani zai sako masa? Ni a ganina mayun sauti suna da gaskiya wajen riƙon FM, amma hujjar da suke kafawa gurguwa ce, kuma da ita za a kayar da su.

Hujjar tasu ita ce wai sautin FM tsarkakakke ne, bai gauraya da lissafin kwamfuta ba. Wannan magana ba ta jure bincike. Tsarin sitiriyo na FM, wanda hukumar sadarwa ta Amurka ta amince da shi a 1961, yana yanke sautin da ya haura kilohaz 15, domin a bar wuri ga wata siririyar alama ta kilohaz 19 mai sanar da na'ura cewa sitiriyo ake watsawa. Faifan CD kuwa yana kaiwa kilohaz 20. Bugu da ƙari, tun 1972 BBC ta fara aika sautinta daga ɗakunan shirye-shirye zuwa turakun watsawa ta hanyar dijital. Ashe mutumin Ingila da ke lumshe ido yana yabon tsarkin abin da yake ji ya shafe fiye da shekara hamsin yana sauraron sautin da ya ratsa ta lambobi. Ga kuma na'urorin matse sauti irin su Optimod, waɗanda tashoshin kasuwanci ke murɗawa domin kiɗansu ya fi na maƙwabta ƙara, har raɗa da tsawa su zama ɗaya. Komai kyan moɗa, abin da ke cikin randa shi za ta ɗebo.

To, idan tsarkin sauti ba hujja ba ne, me ya rage? Abin da ya rage ya fi wancan nauyi. Fasahar da Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933 ta ba ɗan Adam wata hanya ta jin kiɗa wadda ba ta neman kuɗin wata, ba ta cin data, ba ta tambayar sunanka, ba ta kuma rubuta abin da ka saurara ta sayar wa masu talla. Manhajojin kiɗa na intanet suna nazarin abin da ka saba ji su ƙaro maka irinsa, har kunnenka ya zama ɗan gida ɗaya. A rediyo kuwa wani mutum ne mai ilmi da son zuciyarsa yake zaɓa, ya jefo maka abin da ba ka taɓa nema ba. Lokacin da BBC Radio 3 ke watsa bikin kaɗe-kaɗe na Proms kai tsaye daga zauren Royal Albert Hall, masu sauraro a gidaje daban-daban suna jin tarin ɗan kallo ɗaya da shirun makaɗa ɗaya a lokaci guda. Wannan tarayya ce, kuma ba a sauke ta a waya.

Masu adawa za su ce intanet ta fi yawan zaɓi, kuma wasu manhajoji sun fi FM tsabtar sauti. Gaskiya ne. Za su ce gudanar da tsari biyu asarar kuɗi ce, shi ya sa Norway ta rufe tashoshinta na ƙasa a zangon FM a 2017 ta koma tsarin DAB, gidan rediyon ƙasar Suwizalan ma ya bi sahu a ƙarshen 2024. Amma wa ya biya kuɗin sauyin? Mai mota da aka tilasta wa sayen ƙarin na'ura, da tsohuwar da akwatinta ya daina kamo tashar da ta saba. Alkawarin inganci ma bai cika ko'ina ba, domin a Ingila an cusa tashoshi da yawa a DAB har wasu suka koma watsa kiɗa babu sitiriyo.

Wannan rigima ta shafe mu. Tun da dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu a Nijeriya, Raypower ta fara a 1994, Freedom Radio ta biyo a Kano a 2003, FM ta zama abokiyar tela da mai shayi da direba, ko da wuta ko babu. Amma masana'antu kasuwar masu kuɗi suke kallo. Wayar iPhone ba ta kama FM, kuma duk ƙasar da ta kashe zangon tana rage dalilin ƙera na'urorinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka mayun sauti su daina gardamar kilohaz, domin injiniyoyi za su cinye su a can. Su matsa wa tashoshi su sassauta matse kiɗa, su ƙalubalanci hukumomin da ke sa ranar rufewa, su kuma gane cewa mai Marantz da mai ɗan akwatin batir iska ɗaya suke kamowa. In aka rufe zangon, akwatunan biyu za su yi shiru rana ɗaya.