Ku Daina Cutar Yaranmu da Sunan Koyar da Rubutun Talla

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure ya miƙo mini wayarsa, baki har kunne. Ya ce, "Kawu, duba tallar da na rubuta wa Umma." Mahaifiyar tasa turaren wuta da humra take haɗawa a gida, ta fi shekara goma tana yi. Na karɓa na karanta: "Shin kin gaji da zama marar ƙamshi? Buɗe sirrin ƙamshinki a yau! Kada ki bari wannan dama ta wuce ki!" Wallahi raina ya ɓaci. Wace mace ce za ka tara da cewa ba ta da ƙamshi, sannan ka sa ran ta kwance bakin zani ta ba ka kuɗinta? Wannan ai zagi ne. Kuma tun yaushe ƙamshi ya zama akwati da har za a ce a buɗe shi?

Da na matsa masa sai ya fito da gaskiya. Naira dubu 35 ya biya, kuɗin da ya daɗe yana tarawa a teburin cajin waya, aka ce za a koya masa rubutun talla cikin mako biyu har ya fara karɓar dala. Abin da aka turo masa 'yan jimloli ne na Turanci masu gurabe, aka ce ya cike da sunan duk hajar da ya ga dama. Shi kuma ya juye su zuwa Hausa yadda suka zo. Wanda ya karɓi kuɗin bai taɓa tsayawa gaban mai saye ya sayar da ko ƙwayar ashana ba. Hajarsa guda ce, ajin nan nasa, kuma yaranmu marasa aiki su ne kasuwarsa. Wannan cuta ce, kuma Allah zai tambaye su.

Ni da nake wannan magana ban taɓa zama a aji an koya mini rubutun talla ba. A shagon baffana na atamfa a Kantin Kwari na koya, ina yaron shago. Can na ga yadda yake warware turmi a gaban Hajiya, ya ɗora gefen a bayan hannunta don ta ga yadda launin ya hau fatarta, ya ce, "Hajiya, wannan ba ta zuba. Ki wanke ta sau goma, in ta canza ki dawo mini da ita." Magana biyu kacal, amma ya taɓo abin da ke damunta, wato kada ta kashe kuɗi zani ya koɗe kafin biki na biyu, kuma ya ɗauki alkawari a wuyansa. Bai ce mata kayansa sun fi na duniya ba. Idan ta yi shiru shi ma sai ya yi shiru. Idan ta taya, ya san lokacin cewa albarka, ya san lokacin sallamawa. Duk abin da daga baya na tarar a littattafan masana, na riga na gan shi a tsaye a wannan shago.

Masanan ma da ake tsorata mu da sunayensu, ina suka koya? David Ogilvy, wanda ake ɗauka uba a wannan sana'a, ya bar Jami'ar Oxford ba tare da digiri ba. Ya yi aikin girki a wani otal a birnin Faris, sannan ya koma yana bi gida-gida yana tallar murhun Aga. A 1935 ya rubuta wa sauran masu tallar murhun ɗan littafin yadda ake sayar da shi, kuma wannan ne ya buɗe masa ƙofar sana'ar. Sai a 1948 ya kafa kamfaninsa a Amurka. Kafin shi akwai Claude Hopkins, wanda ya fitar da Scientific Advertising a 1923. Littafin ƙarami ne, yau kyauta ake samunsa a intanet, kuma jigonsa shi ne mai rubuta talla ɗan kasuwa ne da ke magana a takarda, don haka a gwada kowace talla a ƙirga abin da ta sayar. Abin da aka rubuta tun shekara ɗari, yau kuma yake kyauta, shi ake gutsurowa ana sayar wa yaro dubu 35.

Kada wani ya ce ina hana karatu. Wanda Allah ya ba shi dama ya shiga sashen aikin jarida a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ya shiga, zai ƙaru. Haka kuma wanda zai riƙi talla sana'a dole ya san akwai doka: hukumar APCON da aka kafa a 1988, wadda ta koma ARCON a 2022, ita ke rajistar masu sana'ar da tantance tallace-tallace, tallar magani kuma sai da izinin NAFDAC. Wannan daban. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da takarda ma'aunin iyawa. Na taɓa kai aikina wani kamfani, mutumin da ke kan kujera bai ko buɗe shi ba, ya tambaye ni kwalina. Na fito. Bayan wata biyu na ji tallarsu a rediyo, an rubuta ta da Turanci a Legas an ba wani ya juye, Hausar kamar an jiƙa tsumma. Yara a unguwarmu har kwaikwayonta suke yi suna dariya. Miliyoyin masu jin Hausa daga Kano zuwa Maraɗi, daga Zangon Kumasi zuwa Garwa, amma a ce ba su cancanci a rubuta musu talla da harshensu tun daga tushe ba? Kayan aro dai ba ya rufe katara.

To amma ku ma matasa da laifinku, kuma ba zan ɓoye ba. Kuna son gajeriyar hanya, shi ya sa ake kama ku. Koyon kai da kai ya fi zaman aji wuya, domin babu mai kiran suna da safe. Ni littafin rubutu na saya mai shafi 80. Duk tallar da na ji a rediyon Kaduna ta tsaya mini a rai, sai in rubuta ta da hannu, in tambayi kaina me ya sa ta zauna: kalma ce, ko kari ne, ko alkawarin da ke ciki? Haja ɗaya nakan rubuta mata kanu ashirin, in yage goma sha tara. In karanta wanda ya rage da ƙarfi a gaban mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba. Idan ta ce "me kake nufi?" to aikin ya mutu, sai sabo. Ku yau kun ma fi mu gata. Ka ɗora talla iri biyu a WhatsApp ko Facebook, ɗaya yau ɗaya gobe, ka ƙirga mutum nawa suka tambayi farashi a kowace. Abin da Hopkins ya yi ta fama da shi da takardun da ake yankowa daga jarida a aiko ta gidan waya, ga shi a tafin hannunka, amma kana neman wanda zai karɓi kuɗinka.

Akwai kuma malaman da za ka saurara da kunne ɗaya: masu motar maganin gargajiya da lasifika a bakin tasha. Sun iya tara jama'a, sun san kari da amon murya, wannan a koya. Amma kwalba ɗaya ta warkar da basir da hawan jini da ciwon suga, ga batsa a gaban yara da matan aure, wannan ƙarya ce da rashin kunya. Wanda ya koyi talla daga nan ya kwashe har da ƙaryar, sau ɗaya zai sayar wa mutum.

Na ce wa ɗan ƙanwata ya goge abin da ya rubuta, ya je ya zauna kusa da uwarsa duk lokacin da masu saye suka shigo, ya rufe bakinsa ya buɗe kunne. Shekaranjiya ya dawo da takarda. Ya ce yawancinsu abu biyu suke tambaya: ko turaren yana kama kaya, kuma ko hayaƙinsa ba ya sa tari. Sabuwar tallar tasa cewa ta yi: "Ki turara yau, ki buɗe sif bayan kwana uku ki ji. Ba ya shaƙe maƙogwaro. Ki zo ki shinshina, ba sai kin saya ba." Na tambayi uwar ko gaskiya ne yana kwana uku a kaya, ta ce har ya fi. Na ce to ya fitar da ita. Dubu 35 ɗin kuwa ya kira lambar wanda ya karɓa ya fi sau goma, a kashe take. Ranar Asabar zan kai shi Kwari da littafin rubutu, ya wuni a shagon 'ya'yan baffana.