Linux Ko BSD: Wanne Ya Dace Da Ɗakin Kwamfutarmu?

Kowa ya san halin da ɗakin kwamfutarmu yake ciki. Na'urorin sun tsufa, kuma tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina gyaran Windows 10 kyauta, ga shi kuwa na'urorinmu ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Har an fara raɗe-raɗin za a kwashe su a zuba a sito. In haka ta faru, to, da me 'yan aji shida za su koyi latsa madannai, alhali tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya? Wannan ne ya sa muka yi ta gardama a kulob ɗin kwamfuta, har kararrawar cin abinci ta raba mu. Duka mun yarda a sa wa na'urorin manhaja ta kyauta, wadda rubutunta na asali a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara. Inda muka saɓa shi ne, wacce?

Bari in ɗan koma baya. Babbar manhajar da ke gudanar da kwamfuta kamar uwargida take, ita ke raba wa kowane aiki rabonsa. A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina wata mai suna Unix a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Daga gare ta zuriya biyu suka fito. Ta farko 'ya'yan cikinta ne, watau BSD, wadda aka raina a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta haifi FreeBSD da NetBSD a 1993, sa'an nan OpenBSD a 1995. Ta biyu kuwa kama ce kawai, ba jini ba. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya rubuta zuciyar manhaja, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya fara tarawa tun 1983, aka sami abin da muke kira Linux. A daidai lokacin kuwa BSD tana kotu, daga 1992 zuwa 1994, kan rigimar wane ne mai rubutun, sai Linux ta yi mata fintinkau.

A kan na'urorin da ɗalibi ke zama gabansu, ban ga abin dogon musu ba. Linux ta fi gane kayan da ke cikin tsofaffin kwamfutoci, musamman na kama intanet ba waya, inda FreeBSD ke jan ƙafa. Akwai LibreOffice na rubutu da lissafi, akwai Firefox, akwai ma tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, wanda zai hutar da editan wannan mujalla daga bin shafi yana sa lanƙwasa da biro. A nan ko abokin gardamata ya sallama.

Rigimar tana kan kwamfuta ɗaya tak, wadda ke ƙuryar ɗaki, watau sabar da za ta riƙa adana tambayoyin gwaji da littattafai tana rarraba wa sauran. Wani abokina ɗan aji shida, wanda ya fi ni sanin abin nan nesa ba kusa ba, ya dage sai FreeBSD. Kuma wallahi hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce Linux zuciya ce kurum, wasu ne ke tattaro sauran gaɓoɓin daga nan da can su haɗa, shi ya sa ake da Debian da Ubuntu da Fedora da sauransu barkatai. Ita kuwa FreeBSD jama'a ɗaya ce ke gina zuciya da gaɓoɓi tare, kamar riga da wandon da tela ɗaya ya ɗinka, kuma tana da littafin jagora guda mai bin komai daki-daki. Ya kawo zancen ZFS, wani tsarin adana bayanai da ba ya rubuta sabo a kan tsoho sai ya tabbata sabon ya zauna, yana kuma binciken kowane yanki ko ya lalace. A makarantar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya ƙara da cewa Netflix da FreeBSD take tura finafinai, PlayStation 4 a kanta aka gina, kuma OpenSSH, ƙofar da masu kula da saba a duk duniya ke shiga ta nesa, mutanen OpenBSD ne suka fito da ita a 1999.

Na amince da duk wannan. Zan iya mayar masa da cewa tun Nuwamba 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duka Linux ke gudanar da su, kuma wayar Android da aka ƙwace masa a zangon jiya ma zuciyar Linux ce a cikinta. Amma wannan gardamar shan iska ce, mu ba Netflix ba ne, ba kuma cibiyar bincike ba. Tambayata gare shi ɗaya ce: in ka tafi, wa zai gyara?

Makarantar kwana tasha ce. Shi abokin nan nawa watanni kaɗan suka rage masa. Malamin da ke kula da kulob ɗan hidimar ƙasa ne, shekara guda zai yi ya ɗauki jakarsa. Ni ma baɗi war haka ina shirin tafiya. Ranar da sabar ta ƙi tashi, yaron da ke aji uku yanzu shi zai tsaya a gabanta. Idan abin da ke kan sabar shi ne wanda ya saba taɓawa kullum a kan teburinsa, umarni ɗaya, wurin ajiya ɗaya, to, da ɗan ƙoƙari zai gano bakin zaren. In kuwa wata daban ce, mai nata sunayen da nata hanyoyin, zai tsaya ne kamar baƙo a kasuwa, daga nan sai a rufe na'urar da ƙyalle. Mun ga yadda aka yi da injin buga takardu na ofishin mujalla, da wanda ya iya shi ya tafi. Bugu da ƙari, in aka fita gari neman mai gyara, an fi saurin samun wanda ya taɓa ganin Ubuntu a kan wanda ya taɓa jin sunan BSD.

Saboda haka ra'ayina shi ne a sa Debian a ko'ina, tebur da saba. Ian Murdock ne ya kafa ta a 1993, masu aikin sa kai ke tafiyar da ita, ba kamfani ba, kuma kusan duk shekara biyu take fitar da sabuwa, ba ta gaggawa. Ubuntu ma, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara a 2004, daga jikinta ta tsiro, don haka wanda ya koyi ɗaya ya kusa sanin ɗayar. Gaskiya ne sa ZFS a Debian sai da 'yar wahala saboda saɓanin lasisi. Maganinmu shi ne a ɗora wa 'yan kulob aikin kwafe komai a wani faifai daban kowace Juma'a, kamar yadda ake raba sharar ɗakin kwana. Abu guda da za a duba kafin a fara: Debian ta 13, wadda ta fito a Agustan 2025, ta bar tsofaffin na'urori masu bit 32, to, sai a tantance namu ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuma FreeBSD ban ce a kore ta ba. Akwai kwamfutar nan ta kusa da taga da allonta ya tsage. Ina roƙon Shugaban Makaranta ya bar wa kulob ita, abokina ya sa mata FreeBSD ya koya mana kafin ya tafi, kuma ni ne zan fara ɗaukar kujera in zauna kusa da shi.