Ku Cire Wa Sarauniya Mangu Fukafukai

Hutun da ya wuce na je gida Dungu. Bayan isha'i na leƙa fadar ƙanena, ina zaton karta ko ludo zan tarar kamar kullum. Sai na iske samari shida sun zagaye tabarma, shayi na kan gawayi, kowa da kaye da bik a gabansa, ga ƙwayar ludo guda a tsakiya. Ɗayansu, ɗalibin jami'ar Damagaram, shi ke jan labari. Sauran kowa ya ɗauki gwarzo guda yana magana da bakinsa. In gwarzonka zai yi abu mai haɗari sai ka jefa ƙwaya, ita za ta ce ka ci ko ka kwana ciki. Irin wasan nan ne da ya fito a Amurka a 1974 da sunan Dungeons & Dragons. Yaran sun gan shi a waya, suka ɗinka masa riga irin tamu.

Wallahi da farko abin ya burge ni. Ga matasa sun ajiye waya da dare, suna gardama kan Damagaram da Lugu da Zazzau. Sai na karɓi kayen na duba. Sarauniya Mangu tana tashi sama, harsashi in ya doso ta ya zama ruwa. Sarki Amadu Kuran Daga takobinsa na aman wuta. Tanimu in ya yi tsawa ganuwa ta tsiro daga ƙasa. Nan murnata ta koma ciki. Na ce musu sun cuci mutanen nan. Ƙanena ya ce, “Haba yaya, wasa ne fa!” To, don na san wasa ne nake wannan rubutu, saboda abin da yaro ya koya yana dariya ya fi zama a kansa fiye da abin da malam ya rubuta a allo.

Mu ɗauki Sarauniya. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta iso Lugu, can ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, tana ƙona garuruwa tana tafe. Mutanen Lugu manoma ne da mafarauta, makaminsu kwari da baka. Sun san abin da ya sami waɗanda ke bayansu, suka tsaya duk da haka. An yi artabu, Anasara sun ƙona harsashi dubbai, sun yi asarar sojoji, amma sun shiga garin. Sarauniya da jama'arta suka janye cikin daji, ba a kama ta ba, ba ta kuma miƙa wuya ba. Girmanta ke nan: harsashi na iya huda ta kamar kowa, ta kuma san haka. In ka ce harsashi ba ya cin ta, wace jarunta ta rage? Wanda ba ya mutuwa ai ba ya bukatar zuciya.

Na san amsar da za ku ba ni: ai mutanen da ma sun ce tana da asiri, Abdullahi Mamani ya sa haka a littafinsa na 1980, Med Hondo ma ya nuna a fim ɗinsa na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Gaskiya ne. Amma imanin mutanen Lugu da iskokinsu wani abu ne da ya haɗa kansu har suka tsaya, kuma har gobe akwai mai riƙe da sarautar Sarauniya a garin. Ku kuwa kun mai da shi maki a kaye, asiri goma, ƙarfi takwas, kamar kuna auna gero. Mace mai gari da dangi da magada ta koma ƴar tsana mai fukafuki.

Abu na biyu ya fi ci mini rai. Bayan Lugu rundunar nan ta faɗa wa Birnin Ƙwanni a watan Mayu, ta yi kisan da har yau ake faɗa. A wasanku ina mutanen Ƙwanni suke? Babu su, don ba su da takobin wuta. Labarin gwarzo mai tashi sama ba shi da wurin ajiye matar da aka kora daga rijiya ko ɗan dakon da ya faɗi a hanya. Kuma wa ya kawo ƙarshen Voulet da Chanoine? A watan Yuli, kusa da Maijirgi a ƙasar Tasawa, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsai da shi, sojojinsu baƙar fata ne suka juya musu bindiga. Waɗannan sojojin su ne kuma hannun da ya ƙona garuruwan. To a wane shafi za ku sa su, na gwaraza ko na miyagu? Kayenku shafi biyu gare shi, tarihi kuwa ya fi haka faɗi.

Na uku, mu zo gida. Tanimu babban sarki ne, ba mai musu. A zamaninsa aka kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa a Damagaram, ayarin raƙuma na zuwa har Tarabulus. Amma cikin kayan da ayarin ke ɗauka akwai mutane, kuma daga ƙauyuka aka kamo su. Mu ƴan ƙasar Kance da Matamaye, wa ya tabbatar mana kakanninmu na bayan doki ne, ba a gabansa suke gudu ba? In ka sa wa sarki rigar gwarzon da ba ya laifi, ka hana kanka wannan tambaya. Yaron da ya saba ganin mai mulki a haka, gobe in wani ya hau kujera ya ce shi ne mai ceto, tafi zai yi. Cutar da ke damunmu ke nan, jiran wani mai laya ya zo ya gyara ƙasa, mu kuwa muna zuba shayi na uku.

Kada dattawan da ke cewa a hana wasan su ɗauka ina bayansu. Sam. Mu da muka tashi da tatsuniya da tashe ba za mu ce shiga rigar wani a yi labari baƙon abu ne ba. In ƙarfin aljanu kuke so, ga rumbu cike. Ga Gizo da makircinsa. Ga Iliya ɗan Maiƙarfi. Ga Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja. Ga Ganɗoki, wanda Bello Kagara ya fitar a 1934, ya fara da yaƙin Turawan Ingila daga baya ya shiga fafatawa a duniyar aljanu. Waɗannan alƙalami da bakin kaka suka haife su, ba su da kabari, ba su da jikoki. Ku ba su fukafuki goma in kun so.

Masu kabari kuwa, ku sa su a wasa da jikinsu na mutane. Ga irin labarin da na ce wa ƙanena ya gwada. Shekara 1899, damina ta kama. Kai maigari ne a kudancin Damagaram. Bara Sarki Kuran Daga ya sa an kashe Kyaftin Cazemajou, yanzu Anasara sun taho ramuwa, manzon sarki ya iso yana neman samari a tare su a Tirmini. Haraji ya ishe ka, shuka na jiran noma, hatsin rumbu saura kaɗan. Za ka ba da samarin? Za ka ɓoye su? In an ci sarki, wa zai kare garinka? In ya ci, me zai yi wa wanda ya ƙi kiransa? Mun san yadda ta ƙare: an ci Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yuli, bayan makonni aka kashe Kuran Daga. Amma maigarinka bai sani ba, dole ya yanke shawara cikin duhu, kamar yadda kowannenmu ke yi yau.

Sun gwada kafin in bar Dungu. Ƙwayar ludo kusan ba a taɓa ta ba. Gardama ta kaure har shayi ya ƙone, ɗaya ya rantse gobe sai ya tambayi kakarsa daga ina danginsu suka zo. Ku ma ku gwada a fadarku, amma ku fara cire wa Sarauniya fukafukan nan, ku mayar mata da kwari da bakanta.