Digirin Injiniyan Gine-gine da Harshen Bakin Aiki: Kira ga Manazarta Hausa

Sunan Jihar Jigawa kansa kalma ce ta ilimin ƙasa. A bakin manomi, jigawa tudu ne mai rairayi wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa, kishiyar fadama mai laka da danshi. Wannan bambanci da Bahaushe ya daɗe da tantancewa shi ne ɗalibin injiniyan gine-gine da hanyoyi yake koya da Ingilishi a darasin nazarin ƙasa: yashi yana tsotse ruwa amma yana saurin zaizayewa, laka kuwa tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, har ta tsaga harsashin gini. Ra'ayina shi ne, raba wannan karatu da Hausa asara ce ga al'umma, kuma mu manazarta Hausa muna da kaso a cikin laifin.

Yaron da ya taso a Dutse ko Kiyawa ko Jahun, idan ya samu gurbin wannan fanni a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shekara 5 zai yi yana karatu. Zai ratsa lissafi, da ƙarfin kayan gini, da sarrafa ruwa, da safiyo, da tsara hanyoyi, ya kuma yi watanni a wurin koyon aiki. Bayan ya kammala, sai ya nemi rajistar hukumar COREN kafin a san shi a matsayin cikakken injiniya. Duk wannan tafiya da Ingilishi ake yin ta. Ranar da ya tsaya a bakin aiki kuwa, birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da lebura da Hausa za su saurare shi. Idan bai iya bayyana musu dalilin da ya sa yawan ruwa a kwaɓi yake raunana kankare ba, ko dalilin ci gaba da ba shi ruwa bayan an zuba, ko abin da ya sa ake auna ƙarfinsa a kwana 28, to umarni kawai zai bayar, su kuma su bi muddin idonsa yana kansu.

Jigawa ta fi wurare da dama buƙatar injiniyan da ake fahimtar maganarsa. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, Dutse take faɗaɗa a tsakanin duwatsu, inda ruwan sama ke gangarowa da ƙarfi ya nemi magudana. A kwarin kogin Haɗeja kuma, wanda madatsun Tiga da Challawa suka sauya yanayin gudunsa, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma ambaliyar 2022 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa, ta yanke hanyoyi. Shawo kan mai gari cewa filin kaza hanyar ruwa ce, ko cewa zuba shara a kwalbati yana jawo wa unguwa ambaliya, aiki ne na harshe, ba na lissafi kaɗai ba.

Za a iya cewa ƙa'idojin aikin da littattafansa duk da Ingilishi suke, don haka shigar da Hausa zai rage wa ɗalibi damar gogayya da takwarorinsa na duniya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a daina koyarwa da Ingilishi ba. Abin da nake nema ƙari ne. Hausa ba baƙuwa ba ce a fagen gini. Tubali da azara da makuba da bakan gizo da ɗaurin guga sunaye ne na dabarun da Babban Gwani Muhammadu Durugu da maginansa suka yi aiki da irinsu a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Leburorin yau kuma sun riga mu hausantar da siminti da bulo da rodi da linta, ba su jira wani kwamiti ba.

Mu fa? A 1990 aka fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin nazarin harshe da adabi. Mun yi wa kanmu tanadi, muka bar sauran fannoni. Ina ba da shawara uku. Da farko, sassan Hausa su tura ɗaliban kundin digiri wuraren gini a Dutse da kewaye, su tattara kalmomin da ake aiki da su daga bakin masu su. Na biyu, a zauna da malaman injiniyanci a tantance ma'anonin, domin kalmar da ta yi daɗin ji amma ta saɓa wa ma'anar kimiyya haɗari ce a wurin da rufi zai iya faɗowa kan mutane. Na uku, a samar da kwas ɗaya na sadarwa da Hausa a bakin aiki, wanda sassan biyu za su koyar tare. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa suna kusa da juna, sun isa su fara wannan haɗin gwiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tattara kalmomin ba ya buƙatar sabon gini ko kasafi mai nauyi. Ana iya ba ɗalibi wannan batu tun a zangon karatu mai zuwa.