Koyar da Kiɗa ga Yaran 'Yan Gudun Hijira

Koyar da kiɗa ga yaran 'yan gudun hijira aikin sa-kai ne da ya bunƙasa a Turai tun daga 2015, lokacin da yaƙin Siriya da rikicin Afganistan suka tilasta wa dubun dubatar jama'a barin gida. A shekarar 2015 kaɗai, mutum kusan 163,000 ne suka nemi mafaka a Suwidin. Kimanin 35,000 daga cikinsu yara ne da suka iso ba uwa ba uba, akasarinsu 'yan Afganistan.

Salon da malamai da dama ke bi daga Benezuwela ya samo asali. A 1975 ne José Antonio Abreu ya kafa shirin El Sistema, inda 'ya'yan talakawa ke koyon kiɗa kyauta. Ba a killace yaro shi kaɗai yana bitar darasi. Tun da farko ake miƙa masa goge irin na Turawa, a sa shi cikin sahu, wanda ya ɗan iya ya nuna wa na kusa da shi. Ron Davis Alvarez, wanda ya taso a wannan shiri, shi ya kafa ƙungiyar Dream Orchestra a birnin Gothenburg na Suwidin a 2016. A shekarar ce kuma aka buɗe El Sistema na Girka, wanda ya yi aiki a sansanin Skaramagas, kusa da Atina.

Dalilin karɓuwar salon a fili yake. A aji ɗaya akan tarar da mai jin Larabci da mai jin Dari da mai jin Tigrinya, amma ɗaga hannun malami kowa na ganewa. Ga kuma zaman jiran takardar mafaka, wanda kan ɗauki watanni ko shekaru. Yaron da ya san ranar kaza da ƙarfe kaza ana jiransa ya samu abin dogaro, ko da yake kiɗa ba ya maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa.

Kayan kiɗa na da tsada, amma babbar matsalar ita ce ɗorewa. Ana sauya wa yara sansani, wasu a ƙi ba su mafaka. Ɗan sa-kan da ya zo ya yi 'yan makonni ya tafi kuwa, wata rabuwar ya ƙara wa yaron da ya riga ya sha rabuwa. Shi ya sa ƙungiyar Musicians Without Borders, wadda aka kafa a Holan a 1999, ta fi mai da hankali ga horar da mutanen wurin su zama malamai.

Akwai kuma iyayen da ke ɗari-ɗari da kiɗa saboda addini ko al'ada, musamman ga 'ya'ya mata. Malamin da ya san aikinsa yakan fara neman yardarsu, ya kuma ba kayan kiɗa irin su rubab na Afganistan da ud na Larabawa gurbi a cikin darasi.