Takarda Ba Ta Rubuta Manhaja

A ƙasar Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa gona ba abin wasa ba ce. Gari na dab da gari, gona na jingine da gona, ba sauran dajin da za a sare. In magidanci ya rasu aka raba gado, kowane ɗa sai ya tashi da ɗan fegi wanda da ƙyar zai ba shi geron da zai kai shi bazara. Duk da haka yanzu ana samun uban da zai jinginar da fegin nan, ko ya sayar da shi ɗungum, don ya biya wa ɗansa kuɗin kos na wata uku a birni, wai zai fito injiniyan manhaja. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne.

Manhaja ita ce jerin umarnin da a ke rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu don ta yi wani aiki, kamar lissafin buhunan da suka shiga sito, ko aika kuɗi daga Dawanau zuwa Ikko. Wanda ya ke tsara umarnin nan, ya gwada shi, ya gyara in ya ɓaci, shi ne injiniyan manhaja. Yaron da ke shagon buga takardu yana cika wa mutane fom, sana'arsa halal ce, amma ba shi ba ne. Tsakaninsu kamar masaƙi ne da dillalin zane.

Lalle sana'ar tana da arziki. Samari biyu ne suka kafa kamfanin Paystack cikin 2015, a 2020 wani kamfanin Amurka mai suna Stripe ya saye shi a kan fiye da dala miliyan 200. Irin labarin da masu kos ke kaɗa wa iyaye ke nan. Ba su faɗin cewa kamfanin Andela, wanda aka kafa a Ikko cikin 2014 don koya wa samari aikin nan, ya sallami ƙananan injiniyoyi wajen 400 a 2019, domin masu ba shi aiki ƙwararru su ke so. Tun daga 2022 kuma, da ChatGPT ya fito, na'ura na rubuta ƙananan umarni kafin mutum ya gyara zama. Watau ƙofar sabon shiga ta ƙara tsukewa. Mai son shiga sai ya iya Turanci da lissafi, ya mallaki kwamfuta tasa, ya sami lantarki da kuɗin intanet, sa'an nan ya yi shekaru yana ɓatawa yana gyarawa. Ina wata uku za su kai shi?

Amma ba iyaye ne masu babban laifi ba. Masu ɗaukan ma'aikata su suka koya wa talakawa bautar takarda. Zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, takardar makaranta ita ce hanyar zama akawu da cin albashi, mutane kuwa ba su manta ba. Har wa yau in ofis ko attajiri na neman mai yi masa manhaja, tambaya biyu ya ke yi, ina takardarka, kuma kai ɗan wane ne. Abin mamaki, attajirin nan ba ya sayen sa a kasuwar Dambatta sai ya duba haƙoransa, ba ya ba magini kwangila sai ya ga katangar da ya gina. Sai a kan aikin da dukan lissafin dukiyarsa zai rataya ne ya ke rufe ido. In abin ya lalace bayan wata biyu, ya ce ai 'yan Arewa ba su iya ba, ya aika Ikko a kawo masa wani da tsada ninki.

Gwajin kuwa ba wuya. A zaunar da mai neman aikin yini guda, a biya shi ladan yinin, a ce ya rubuta abin da zai riƙe lissafin buhunan riɗi, wanda ya shiga da wanda ya fita da wanda aka ba da bashi. Sa'an nan a shigar da lissafin kuskure da gangan, a ga ko zai gano. A ƙarshe ya yi wa magatakardan sito bayani da Hausa har ya gane. Wanda ya ci wannan a ɗauke shi, ko ɗan manomin Kunchi ne. Ranar da aka fara haka, ranar masu sayar da takarda za su rasa kasuwa.

Uban da ɗansa ya nace, akwai hanyar da ba ta cin gona. Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da ilmin nan har digiri, Gwamnatin Tarayya kuma ta buɗe shirin 3MTT cikin 2023 don koyar da sana'o'in kwamfuta kyauta. A sayar da raguna a saya masa kwamfuta kwance, gama tunkiya na sake haihuwa. Ya yi noma da damina, ya yi koyo da rani. In ya zo da abin da ke aiki, wanda ubansa zai latsa ya gani da idonsa, sai a ƙara masa. In rani ya wuce bai nuna kome ba, gonar na nan, ga damina ta kawo jiki, ana kuwa bukatar hannu wajen kai taki.