Ɗan rahoton da ba a biya ko dala

Dattijan da suka ga zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ba su manta yadda ake sassauta murya a tasha da rumfar mai shayi ba da zarar baƙuwar fuska ta matso kusa. A wancan lokaci sai hukuma ta biya ƴan rahoto kafin ta san wanda ya ziyarci wane, da abin da aka faɗa bayan isha'i. Babban Taron Ƙasa na 1991 ya kwance wa ƴan Nijar baki, kuma wannan riba ce da ba ta da farashi. To amma a yau abin da ake sayen mutum domin ya leƙo, mai shi da kansa ke ɗora shi bisa Facebook da TikTok da WhatsApp, kyauta, har da hoto da kwanan wata.

A dubi ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya tashi sarin kaya. Tun daga tasha ya saka hotonsa yana neman addu'ar ƴan'uwa, a Lome ya nuna motar da aka loda, ranar komowa ya sanar da lokacin isowarsa. A ganinsa godiya ce ga Allah da tallar haja. Ga wanda ke da mugun nufi kuwa, an ba shi amsar tambayoyi uku ke nan: nawa mutumin ya mallaka, yaushe gidansa ba namiji, wace hanya zai biyo. Mazauna gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji, da ke iyaka da Katsina da Zamfara da Sakkwato, sun sha ɗacin satar mutane don kuɗin fansa, sun kuma san ɓarayin daji ba su faɗa wa gida da ka, sai an yi musu nuni. Da ɗan gari akan ci gari. Abin takaici shi ne ɗan garin nan yana iya zama salular maigida, ko ta ɗansa da ke fahari da sabuwar motar mahaifinsa.

Dukiya da masu gadi ba su hana wannan ba. A watan Oktoba na 2016 ƴan fashi sun ɗaure tauraruwar Amurka Kim Kardashian a masaukinta na birnin Paris, suka kwashe kayan ado na miliyoyin dalar Amurka, bayan ta yi kwanaki tana nuna zobenta da wuraren da take zuwa. Sai a 2025 kotu ta hukunta mutum 8. A watan Janairu na 2018 kuma, taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa sansanonin sojojin ƙasashen waje, har da wasu a arewacin Nijar, don kawai sojoji na gudun safe da na'urar da ke rubuta sawunsu. Idan rundunar da ke da jiragen leƙen asiri ta tona kanta ta wannan hanya, ina ga mai shago a babbar kasuwar Tawa?

Laifin ma'aikacin gwamnati ya fi nauyi, domin sirrin da ke hannunsa ba nasa ba ne. Takardar naɗi ko ta canjin wurin aiki takan zagaya rukunonin WhatsApp kafin ta isa hannun mai ita, da cikakken suna da ranar haihuwa da lambar aiki. Wani ya ɗauki hoton katin ɗan ƙasa na mai neman takarda, wani ya yaɗa hoton marar lafiya a gadon asibiti da sunan neman taimako. Haka abin yake a gidan biki: a ɗauki matar aure tana rawa cikin ƴan'uwanta mata, washegari baƙi dubbai suna yi mata sharhi, aure ya shiga tangal-tangal. Yaron da aka nuna da rigar makarantarsa, an faɗi inda za a same shi da ƙarfe goma sha biyu. Duk waɗannan ba wanda ya nemi izininsu.

Masu cewa ai abokansu kaɗai ke gani, su tuna rukuni mai mutum 200 ba ɗaki ba ne, kasuwa ce, kuma hoton allo ba ya neman izini. Kamfanonin su ma ba rumbu mai makulli ba ne: a watan Afrilu na 2021 an watsa lambobin waya da bayanan mutum miliyan 533 masu amfani da Facebook a ƙasashe 106. Da irin waɗannan bayanai ɗan damfara ke kiran mutum da sunansa, ya ambaci sunan mahaifiyarsa, ya roƙi lambobi 6 da aka turo masa, ya ƙwace WhatsApp ɗinsa, sannan ya bi abokan cinikinsa yana neman a aiko kuɗi da gaggawa.

Ina doka take? Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, ta kafa hukumar HAPDP domin kula da ita. Ta kuma yi dokar laifuffukan intanet a watan Yuli na 2019. Sai dai ƴan ƙasa sun fi sanin doka ta biyu ta fuskar kama masu magana. A watan Yuni na 2020 an tsare ƴar jarida Samira Sabou sama da wata ɗaya da rabi bisa ƙarar ɓata suna da ta samo asali daga shafinta na Facebook, inda wani ya yi sharhi a ƙarƙashin rubutunta, kafin kotu ta sallame ta. An cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, mahukuntan soja suka maido da shi a watan Yuni na 2024. Darasin yana da kaifi biyu: abin da mutum ya rubuta yau yana jiran sa gobe, ko da mulki ya canza hannu, dokar da ke da sauri wajen kare martabar manya kuwa ya kamata ta yi irin wannan sauri ga matar da tsohon mijinta ya watsa hotunanta.

Saboda haka wajibi ne HAPDP ta fita daga ofisoshin Yamai ta yi wa jama'a bayani a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Ofisoshin ministoci su hana aika takardun aiki ta wayar kowa, su hukunta wanda ya saɓa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ja kunnen mambobinsu: hoton tafiya ya jira sai an dawo gida, kuɗi da kaya su tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Sauran aikin na magidanci ne, domin alƙali ba ya zuwa sai ɓarna ta auku. Ƴancin magana da aka samo a 1991 ya haɗa da ƴancin yin shiru a kan abin da ke cikin gida. Magabata sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.